Hawan Jinin Kambai

Ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Ka sha tsayawa a bakin gonar citta ranar gayya, ka ga yadda mai gona ke jan mai dama kunu gefe ya danƙa mata wani abu a dunƙule. Ka ga maza suna haƙa tun hantsi har la'asar babu mai miƙe baya, ka ce, "Yaran ƙauyen nan akwai ƙarfi," ka hau mashin ɗinka ka koma Kafanchan. Kana kuma da ɗan'uwa ko maƙwabci da ya daina dariya, ya daina wanka, kana ɗaga masa hannu daga nesa don kada ka tambaye shi lafiya ya ba ka amsar gaskiya. To tunda ka ƙware a kau da kai, zauna ka ji abin da kau da kai ya jawo wa Yemima matar Kambai, a wata unguwa da ke gefen Fadan Kagoma.

Kambai manomin citta ne kamar ubansa, kuma shi ke koya wa mawaƙan majami'a waƙa. Idan ya ɗaga murya ranar Lahadi, masu sayar da ƙosai a bakin titi sukan san inda sujada ta kai. Sai shekarar nan ta zo da cuta ta shiga citta. Ganye ya yi rawaya tun damina na tsakiya, ka tona ƙasa ka ɗago abu kamar ruɓaɓɓen dankali, wari ya buge ka. Kowa ya yi asara. Wasu suka zagi gwamnati, wasu suka zagi masu sayar da iri, suka share ido suka shuka masara. Kambai bai zagi kowa ba. Shiru ya yi, shirun kuma ya ƙi ƙarewa.

Wata biyar yana zaune a kan kifaffen turmi a bayan ɗaki. Abinci sai an tsaya a kansa. Mawaƙa suka yi ta aike, suka gaji suka naɗa wani. Dattawan ikkilisiya sun zo sau biyu, suka ce masa ya ƙara bangaskiya, suka sha zoɓo suka tafi. Wata safiya Yemima ta zagaya bayan rumbu ɗebo itace, ta same shi tsugune, jarkar maganin kashe ciyawa a tsakanin ƙafafunsa, murfin a hannunsa. Bai ɗago kai ba. Ta karɓi murfin ta rufe jarkar, ta kai ta ajiya gidan maƙwabta, washegari ta sa shi a gaba har asibiti a Kafanchan.

Likitan ya daɗe yana yi masa tambayoyi. Daga ƙarshe ya ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana da magani: ƙwaya ɗaya kowace safiya, ba fashi. Da za su fita ya tsayar da Yemima.

"Madam, ki riƙe wannan da kyau. Maganin nan ba ya shiri da taramol. Ba ya shiri da kodin da yara ke kwankwaɗa, ba ya shiri da giya ko wiwi. Amma taramol ya fi duka. In suka haɗu a jikinsa, yini ɗaya ya isa ki rasa shi."

Yemima har ta ɗan ji haushi. Mijinta malamin mawaƙa ne, ko burkutu bai taɓa kai wa baki ba. Ta ce, "To, likita," ta wuce. Abin da ya fi damunta shi ne ƙofar da suka fito ta cikinta, ɗaki na ƙarshe a barandar, wanda mutanen gari ke kira ɓangaren mahaukata. 'Yarsu Mildred na karatu a jami'a nan cikin Kafanchan, kuma akwai yaron da danginsa suka fara zuwa gaisuwa. Ta san tambayar farko da dangin miji ke yi a ɓoye: akwai hauka a gidan?

Suna isa gida ta ɓare ƙwayoyin duka ta juye su a wata kwalba marar rubutu, ta jefa kwalin da takardar cikinsa a murhu. Da surukai suka tambaya, ta ce hawan jini ne.

Kai ma ka san darajar hawan jini a ƙasarmu. Ciwon manya ne. Kowane dattijo na da nasa, suna zama bayan sujada suna gasar wanda awonsa ya fi hawa. Unguwa ta karɓi ciwon Kambai hannu biyu. Mutanen da ba su taɓa leƙa shi ba yana kan turmi suka riƙa aiko masa da tafarnuwa da ganyen zogale. Ƙwayar kuwa ta yi aikinta a hankali. Bayan sati shida ya nemi ruwan wanka da kansa. Bayan wata uku ya koma gaban mawaƙa. Dattawa suka ce addu'arsu ce ta karɓu, Yemima ta ce amin tare da kowa.

Da shekara ta zagayo, a farkon Disamba, Baba Boaz ya kira gayyar tonon citta. Ƙanin mahaifin Kambai ne, shi ne babba a dangi yanzu, kuma dattijon ikkilisiya wanda ya taɓa fasa wa wata gwauruwa tukunyar burkutu da sandarsa, ana yaba masa har yau. Shi kaɗai ya samu iri mai kyau bana, gonarsa ta yi, kuma yana so a tone ta duka a yini ɗaya. Maza ashirin suka amsa kira. Kambai ya ɗauki fartanyarsa da murna irin ta wanda ya daɗe bai ji ana bukatarsa ba.

Mata suna ƙarƙashin mangwaro suna girki. Tukunyar kunu biyu ce a kan wuta, kamar kowace gayya: ta mata da ta maza. Yemima ta san da haka tun tana amarya. Ta kuma ga Baba Boaz ya kira matarsa, Mama Milka, bayan bishiyar, ta ga Mama ta dawo tana motsa tukunyar maza da bayanta a juye. Ba ta taɓa tambayar me ya raba tukwanen nan biyu ba. Babu macen da ta taɓa tambaya. Kowa ya sani, kuma babu wanda ya sani, haka muke tafiyar da abubuwanmu.

Mama Milka ta nuna mata wata ƙaramar tukunya a gefe, tana magana da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Maman Mildred, ka ga wannan? Na mijinka ne. Ba gishiri, ba manja. Ni ba zan kashe ɗana da hannuna ba."

"Allah ya saka, Mama."

Da rana ta ɗaga aka kai kunu bakin gona. Wani Meshak, abokin wasan Kambai, ya miƙa masa kofi yana dariya. "Malamin waƙa, ashe kana duniya? Mun zaci sai dai mu zo mu rera maka ta ƙarshe."

"Da muryar taka? Ai da na tashi na gudu."

"Oya, sha ka nuna mana. Ko madam ta hana?"

Ya sha. Aka ƙara masa ya sha. Samari kuwa kunun bai ishe su ba, suna zaro jajayen ƙwayoyi daga aljihu suna jefawa a baki kamar gyaɗa, don aiki ya zama wasa, kuma ɗaya daga cikinsu ya jefa biyu a bokitin don a yi dariya. Dattijon da ya fasa tukunyar gwauruwa yana tsaye yana duban sama, kamar mai tunanin ko za a yi ruwa a Disamba.

Ana cikin haka Malam Jibir ya iso a kan mashin. Bafulatani ne mai furfura a gemu, rugarsu na bayan rafi, shanunsa ke cin karan gonakin nan bayan girbi, kuma ya kawo wa mata ƙwaryar nono daga matarsa. Meshak ya miƙa masa kofi.

"Daga wace tukunya?" in ji Jibir.

"Ta maza mana."

"Kunun da ke sa tsoho tsalle? Ku riƙe abinku. A ba ni na mata, ni ban ƙi a ce da ni mace ba."

Aka yi dariya, har da Yemima. Dariyar ba ta gama barin bakinta ba wani zargi ya ɗarsu a ranta, amma ta danne shi ta ci gaba da yanka albasa.

Wajen ƙarfe biyu aka fara jin Kambai yana waƙa a tsakiyar gona. Da farko maza suka amsa masa. Sai waƙar ta riƙa sauri, kalmomi na hawa kan juna, ya bar wannan ya kama waccan. Gumi ya jiƙa shi kamar an juye masa bokiti. Fartanya ta suɓuce daga hannunsa, ya sunkuya ɗauka, hannun ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya yi taku biyu ya zube a kan kunya, ƙafafunsa na harbin ƙasa, haƙoransa na karo.

Kafin Yemima ta iso, masana sun riga sun kewaye shi. Wani ya ce hawan jinin ne ya motsa, a tauna masa tafarnuwa. Wata ta ce jifa ne, mutum ya warke ya dawo gona, ai maƙiya ba za su ji daɗi ba. Baba Boaz ya ɗora hannu a kansa ya fara tsawata wa Shaiɗan da babbar murya. Yemima ta kutsa ta taɓa goshin mijinta, ta janye hannu. Kamar ta taɓa gefen tukunya. Baƙin idonsa ya buɗe ya kusa cinye idon duka, kuma bai gane ta ba.

Maganar likita ta dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ja Mama Milka gefe.

"Mama, me aka sa a kunun maza?"

"Gero ne da tsamiya da citta. Me za a sa? Me ya sa kana tambaya?"

Nan Yemima ta tsaya. In ta matsa, za a ce me ya haɗa hawan jini da kunu, kuma amsar na nufin ɗaki na ƙarshe a baranda, da Mildred, da yaron da danginsa za su zo bayan Kirsimeti. Mata biyu suka tsaya suna kallon juna, kowacce da ƙaryarta a baki, mutum yana birgima a ƙasa taku goma daga inda suke.

Jibir ne ya ture mutane. "Dattijo, addu'a ba ta ƙin tafiya, a ƙarasa ta a hanya. Ku ɗora min shi."

Aka ɗora shi a kan mashin, a tsakiya. Yemima ta kwance gyalenta ta ɗaure shi a jikin Jibir, ta hau baya ta rungume su duka biyu. Duk hanyar Kafanchan ƙafafun Kambai na dukan ƙafafunta, zafin jikinsa na ratsa rigarta, yana kiran sunayen mawaƙan da suka mutu tun tuni yana ce musu sun yi saurin shiga. Baba Boaz da Mama Milka suka biyo su a wani mashin, bayan Baba ya tsaya ya ba da umurnin kada a daina tono.

A ɗakin gaggawa wata nas ce ta karɓe su, sunanta a rubuce a ƙirji: Shamsiyya. Gajeriya ce, ba ta da lokacin gaisuwa. Ta sa aka kwantar da shi, ta ɗaura masa abin awo, ta sa masa ma'aunin zafi. Baba Boaz ya shigo yana haki.

"Hawan jini ne, 'yata. Ya daɗe da shi. Ki ba shi na saukarwa, ki haɗa masa da allurar ciwon jiki mai ƙarfi, gona ya fito."

"Baba, ka bar ni in yi aikina."

Awon ya hau ƙwarai, Baba ya leƙa ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba gaskiya a kotu. Amma Sista Shamsiyya ba ta gamsu ba. Ta kama tafin ƙafar Kambai ta danna shi sama da sauri, ƙafar ta shiga kaɗawa da kanta kamar ta mai taka keken ɗinki, ta ƙi tsayawa. Ta aika a kira likita, ta juyo.

"Wace ce matarsa? Madam, wane magani yake sha?"

"Na hawan jini," in ji Baba Boaz.

"Ba kai na tambaya ba. Madam, sunan maganin. Ko kwalinsa."

"Babu kwali."

"To ina aka rubuta masa? Ki duba, zafinsa ya wuce arba'in. Hawan jini ba ya yin haka. In sanƙarau ne hanyarsa daban, in zazzaɓin da ya hau kai ne hanyarsa daban. In kuma wani abu ya sha, ki faɗa min yanzu, don akwai allurar da in na yi masa bisa kuskure, ni zan ƙarasa shi. Ba ni da lokacin lallashi."

Ɗakin cike yake. Akwai mai karyayyen hannu, akwai mata biyu da yaro mai gudawa, ƙofa a buɗe, masu jinya na leƙe, kuma a Kafanchan ba ka rasa wanda ya san wanda ya san ka. Yemima ta dubi Baba Boaz, mutumin da zai zauna a kujerar uba ranar da za a zo neman Mildred. Ta dubi gadon. Bakin Kambai ya fara kumfa a gefe.

"Ba shi da hawan jini," ta ce. Muryar ta fito ƙasa, sai ta maimaita yadda na bakin ƙofa ma za su ji. "Bai taɓa yin hawan jini ba. Maganin damuwa yake sha, kusan shekara ke nan. A nan aka rubuta masa, ɗaki na ƙarshe. Katinsa na wurinku. Likita ya ce kada ya haɗa shi da taramol."

"Ya haɗa?"

Yemima ta juya ga Baba Boaz. Kowa ya juya.

"Kunu ya sha," in ji Baba. "Kunu kawai. Ni dattijon ikkilisiya ne, a tambayi kowa."

"Dattijo," in ji Jibir daga bakin ƙofa, a hankali, "ɗan yayanka ne a kwance. Faɗa mata."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Ka je ka ji da shanunka."

"Shanuna na san abin da suke sha."

Sista Shamsiyya ta buɗe baki za ta yi magana, sai Mama Milka ta durƙusa a ƙasa ta fara kwance bakin zanenta. Ƙullin ya ƙi, ta sa haƙori. Katunan ƙwaya huɗu suka zubo a kan siminti, duk an ɓare su tas. Ta ɓoye su ne don kada a gan su yashe a gona.

"Shi ya ba ni," ta ce, ba ta dubi mijinta ba. "Kowace shekara yana ba ni. Ni ban sa gishiri ba, sista, ko kaɗan ban sa masa gishiri ba."

Sista ta ɗauki kati ɗaya, ta ga taramol ne, ta duba ƙarfinsa, ta ja tsaki mai tsawo, ta kore su duka waje ban da Yemima.

Likita ya zo da gudu. Aka yi wa Kambai allurar da ke kwantar da jijiyoyi, aka sa masa ƙarin ruwa a hannu biyu, aka tuɓe shi aka lulluɓe da jiƙaƙƙun zannuwa, aka juyo masa fanka. Yemima ta yi ta jiƙa tsumma tana matsewa har fatar yatsunta ta yi yaushi. Sau ɗaya ya sandare gaba ɗaya, aka fitar da ita, ta tsaya a baranda tana jin takun masu gudu. Sai rana ta biyu zafin ya sauka. Fitsarinsa ya yi kwana uku kamar ruwan shayi, likita ya ce ƙodarsa ta sha wuya amma za ta farfaɗo. Ran na huɗu ya buɗe ido ya tambaya ko an gama tonon.

Kafin a sallame su likitan ya zaunar da su. Ya ce magungunan biyu ƙofa ɗaya suke turawa a ƙwaƙwalwa, in suka haɗu sai abin ya yi ambaliya, kuma da an ƙara awa biyu a gona ana tauna tafarnuwa da sai dai a kai shi gida a kwance. Ya ce a dakatar da ƙwayar damuwa na 'yan kwanaki, su dawo ya duba shi, sa'an nan ya ci gaba da sha, don ciwon da ta danne bai tafi ko'ina ba.

Kana tsammanin unguwa ta ji kunya? Ashe ba ka san mu ba.

Kafin su dawo gida an riga an yanke hukunci, kuma Baba Boaz ne alƙali. Lissafinsa mai sauƙi ne, ya kuma bi gida gida da shi: maza ashirin suka sha kunu, goma sha tara suka koma gida da ƙafarsu, wanda ya faɗi shi ne mai shan maganin mahaukata. To laifin wa? Na kunu, ko na ƙwayar Bature da macen da ta yi wa dangi ƙarya? Mutane suka ce lallai Baba akwai basira. Babu wanda ya tuna masa da ɗan Meshak da ya faɗi yana farfaɗiya a gayyar bara aka ce iska ce. Ƙungiyar zumuntar matan ikkilisiya ta aiko a gaya wa Yemima ana yi mata addu'a Ubangiji ya raba ta da harshen ƙarya. Matan da suka shekara ashirin suna ganin tukunya biyu a kan wuta su ne suka aiko.

Kwana goma bayan haka likita ya mayar da Kambai kan maganinsa. Washegari da safe Baba Boaz ya shigo gidan da sandarsa, ya zauna a kujerar da aka kawo masa, ya ƙi karɓar ruwa.

"Maman Mildred, kawo min ƙwayoyin nan. Zan kai su masai da hannuna. A gidanmu ba a taɓa yin mahaukaci ba, ba kuma za a fara a kaina ba."

Kambai na zaune a bakin ƙofa, ya rame, idonsa a ƙasa. Tun yana yaro bai taɓa mayar wa mutumin nan magana ba. Yemima ta shiga ɗaki ta fito da kofin ruwa a hannu ɗaya, maganin a ɗaya hannun. Ta wuce Baba kamar ba ta ji shi ba, ta durƙusa gaban mijinta.

"Baban Mildred, ga shi. Na yi ƙarya a kanka sau ɗaya don in rufa mana asiri, ta kusa kai ka kabari. Ba zan ƙara ba. In za ka sha, ka sha a gaban Baba. In ba za ka sha ba, ka miƙa masa da hannunka, ni ba zan miƙa ba."

"Kambai," in ji Baba, "mutanen yaron nan za su zo ran ashirin da takwas. In ka haɗiye abin nan, ku nemi wanda zai karɓe su. Ni ba zan zauna in yi wa baƙi ƙarya a kan jinin gidanmu ba."

"Ƙarya kuma, Baba?" in ji Yemima. "Ai an bar maka ita, kai ka fi iyawa."

Kambai ya daɗe yana duban ƙwayar a tafin hannunsa. Ƙarama ce, ba ta kai ƙwayar wake ba.

"Baba," ya ce, "lokacin da nake zaune a bayan ɗakin can, sau biyu ka zo. Wannan kullum take zuwa."

Ya jefa ta a baki ya kora da ruwa. Baba Boaz ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya fita, bai yi sallama ba. Ran ashirin da takwas ba wanda ya zo. Dangin yaron sun aiko cewa suna ɗan bincike tukuna, kuma har yau binciken suke yi. Mildred ta yi kuka na kwana biyu, ta koma makaranta. Kambai na nan da ransa, yana shan maganinsa kowace safiya, Yemima kuma ta daina zuwa zumuntar mata.

Asabar mai zuwa akwai gayya a gonar Meshak. An riga an jiƙa gero. A cikin mazan da za su je, wa ya san nawa ne ke haɗiyar ƙwaya da safe a ɓoye suna ce mata ta hawan jini ko ta gyambon ciki, don mun koya musu cewa gara a mutu da a ce an je ɗaki na ƙarshe? Kai da ke karanta wannan, kana da ƙafa kana da baki. Ka je gonar nan, ko wadda ke kusa da kai, ka tsaya a kan tukunyar maza ka tambaya da ƙarfi me aka zuba, kuma kada ka matsa sai an amsa. In an zuba, ka kifar da ita, a zage ka. Sa'an nan ka wuce gidan ɗan'uwan nan naka da ya yi shiru, ka zauna, ka tambaye shi wane magani yake sha da sunansa na gaskiya, ka gaya masa abin da ba a haɗa shi da shi. Yau za ka je gidansa, ba gobe ba.